Majami'ar Kilpeck: Ɗakin Sujada Mai Shekara Kusan Ɗari Tara

A yammacin Ingila, kusa da iyakarta da ƙasar Wales, akwai wani ƙauye da ake kira Kilpeck. Yana kimanin mil tara kudu maso yamma da birnin Hereford, tsakanin gonaki da makiyayar tumaki da shanu. A ƙidayar shekara ta 2011 mutanen ƙauyen da kewayensa ba su fi kamar 200 ba. Duk da haka baƙi sukan zo daga ƙasashe masu nisa domin su ga ƙaramar majami'arsa ta jan dutse, wadda aka gina wajen shekara ta 1140, ana kuwa sujada a cikinta har wa yau. Ba ta da doguwar hasumiya, ba kuma a hango ta daga nesa. Abu biyu ne suka fitar da sunanta: sassaƙar dutse da ke jikinta, da kuma yadda ta iso zamanin nan kusan kamar yadda maginanta suka bar ta. Dubban majami'un ƙauye an gina a Ingila a wannan ƙarni, yawancinsu kuwa an faɗaɗa su, ko an rushe an sake. Tambayar da tarihin Kilpeck yake amsawa ita ce, me ya kiyaye wannan?

Ƙasar da ke tsakanin sarauta biyu

Kafin a kira wurin Ingila, yankin yana cikin wata ƙaramar sarauta ta mutanen Wales mai suna Ergyng, wadda daga baya Ingilishi suka kira Archenfield. Bishara ta riga ta kafu a can tun da wuri. Sunan Kilpeck kansa daga harshen Wales ya fito, ana kuma fassara shi da cewa ɗakin kaɗaici na wani mai ibada da ake kira Pedic. Wani tsohon kundi, Littafin Llandaff, ya ambaci majami'a a wurin tun ƙarni na 7. An haɗa wannan kundi ne a farkon ƙarni na 12, lokacin da Bishop Urban na Llandaff yake jayayya da bishop na Hereford a kan wanda ke da ikon ikkilisiyoyin yankin. Bishop Urban ya kai ƙara har Roma, ya rasu a 1134 bai sami biyan bukata ba, yankin kuwa ya tabbata a hannun Hereford. Amma sunan waliyyin da majami'ar take ɗauke da shi bai sake ba. Sunanta Majami'ar Maryamu da Dauda, Daudan nan kuwa waliyyi ne na mutanen Wales.

A shekara ta 1066 Wiliyam, sarkin yaƙin Normandi ta arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila, ya rarraba ƙasar ga jarumawansa. A 1086 ya sa aka rubuta dukiyar ƙasar gaba ɗaya a wani babban littafin ƙidaya. A ciki an nuna Kilpeck tana hannun wani mutum mai suna William fitz Norman, an kuma nuna mutanen yankin suna bin al'adunsu na Wales, har suna biyan wani kashi na harajinsu da zuma. Littafin ya ce idan rundunar sarki za ta shiga Wales, mutanen Archenfield ne a gaba, idan za ta komo su ne a baya. Wato zaman bakin iyaka suke yi, inda yau lafiya, gobe hari.

William ya tara tudun ƙasa, ya haƙa gwalalo kewaye da shi, ya kafa kagara ta katako a bisa, daga baya aka mai da ita ta dutse. Gidansa ne yake riƙe da aikin lura da dazuzzukan farautar sarki a wannan yanki, aikin da yake kawo girma da dukiya. Ɗansa Hugh shi ne ya gina majami'ar da ke tsaye yanzu, dab da gabashin kagarar. A gabas da majami'ar kuma aka shata gari mai ganuwar ƙasa. Kagara, da majami'a, da gari, suna jere a layi ɗaya, har yau kuwa ana ganin alamun ukun a ƙasa. Hugh ya ba da majami'ar ga babban gidan sufaye na Gloucester, aka kuma kafa wani ƙaramin gidan sufaye kusa da ƙauyen.

Abin mamaki, ba lokacin zaman lafiya aka yi ginin ba. Bayan rasuwar Sarki Henri na Ɗaya a 1135, yaƙin gādon sarauta ya tashi tsakanin 'yarsa Matilda da ɗan 'yar'uwarsa Stephen, bai ƙare ba sai 1153. An kewaye birnin Hereford da yaƙi a 1138, aka sake a 1140. A cikin wannan hargitsi ne masassaƙa suke zaune a Kilpeck da gizago da kurfi, suna fitar da tsuntsaye da ganyaye daga jikin dutse.

Fasalin ginin

Majami'ar ɗaki uku ce a jere, daga yamma zuwa gabas, kowanne ya fi na gabansa girma. Na fari, wanda ya fi faɗi, na jama'a ne. Na biyu na firist ne da masu taimakonsa. Na uku ɗan ƙarami ne, bangonsa ya lanƙwasa kamar rabin ƙwarya, a nan bagade yake, yana fuskantar gabas. Wannan shi ne fasalin da Normawa suka fi so ga majami'ar ƙauye, amma kaɗan ne suka rage da ɗakin bagadensu mai zagaye, gama daga baya an rushe yawancinsu an gina masu kusurwa huɗu domin a sa manyan tagogi.

An yi ginin da jan dutsen yashi na yankin. Bangon yana da kauri, tagogin asali kuwa sirara ne, kansu a zagaye. Ƙofofi da tagogi na wancan zamani duk da baka mai rabin da'ira ake rufe kansu, baka mai tsini sai daga baya ya yaɗu. Ɗakin bagade yana da rufin dutse, inda bakuna suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, irin ɗaurin da maginan Hausa suke kira ɗaurin guga. A mahaɗarsu an sassaƙa kawuna huɗu masu kama da na kyanwa ko zaki. A kusurwar arewa maso gabas ta ɗakin jama'a akwai wasu manyan duwatsu da aka jera dabam da sauran, waɗanda masana da yawa suke ɗauka ragowar majami'ar da ta riga wannan ce.

Tsakanin ɗakin jama'a da na firist akwai babban baka. A kowane gefensa an sassaƙa mutum uku, wani a kan wani, suna riƙe da littafi ko gicciye. Ɗaya yana riƙe da mabuɗi, da haka aka gane Bitrus manzo ne. Fuskokinsu a natse suke, rigunansu suna zuba har ƙafa. Duk wanda ya tsaya cikin jama'a ya dubi bagade, ta tsakanin waɗannan shaidu yake dubawa.

Wajen yamma akwai kwamin baftisma, wani ƙaton dutse da aka fafe, yana zaune a kan gajerun ginshiƙai. Girmansa yana tuna wa mai kallo cewa a wancan zamani jariri ɗungum ake tsoma shi cikin ruwa. Akwai kuma wata tukunyar dutse ta ruwan tsarki, mai hannu biyu da suka rungume cikinta, wadda aka kawo daga wani wuri kusa.

Ƙofar kudu

Ƙofar da jama'a suke shiga tana bangon kudu, ita ce kuwa ta fi kome suna a Kilpeck. A bisa kanta, cikin rabin da'ira, an sassaƙa itace mai rassa da 'ya'ya kamar nonnan inabi. Ana kiransa itacen rai, wanda Littafi Mai Tsarki ya ambata a farkonsa da kuma ƙarshensa. Kewaye da shi akwai layin bakuna cike da siffofi. A tsakiyar na ciki mala'ika ne da fikafikai a buɗe. A gefensa akwai kawunan tsuntsaye masu dogon baki suna cizon gefen dutsen, da dodanni, da wani tsuntsu a cikin harshen wuta, wanda mutanen dā suke cewa yakan ƙone ya sake tashi, masu bi kuwa suka ɗauke shi misalin tashin matattu. A layin waje an jera zobba a sarƙe, cikin kowanne akwai tsuntsu, ko kifi, ko wata dabba.

A ginshiƙan gefen ƙofar macizai ne suke nannaɗe, wani yana haɗiye wutsiyar wani. A ginshiƙin hagu akwai mayaƙa biyu, ɗaya bisa ɗaya, da huluna masu tsini da wanduna, rassa sun sarƙe su kamar waɗanda suka faɗa cikin sarƙaƙiya. A kan ginshiƙin dama fuskar mutum ce, ganyaye suna fitowa daga bakinsa. A ƙasansa tsuntsaye biyu suna fuskantar juna.

Ba a rubuta sunan masassaƙan ba a ko'ina. An dai gane hannunsu a majami'u da dama na yankin, har masana suka ba su suna ɗaya, makarantar sassaƙa ta Hereford. Su ne suka yi kwamin baftisma na Eardisley da na Castle Frome, da hoton Samson yana yaga bakin zaki a Stretton Sugwas. Aikinsu ya nuna sun ga duniya, ko kuwa sun zauna da waɗanda suka gani. Macizai da igiyoyin da suka sarƙe sun yi kama da sassaƙar mutanen arewacin Turai da ta Ingilishi na dā. Jera siffofi kewaye da baka al'adar yammacin Faransa ce. Akwai kuma labarin da yake nuna hanyar da waɗannan abubuwa suka bi. Wani wakilin babban gida a yankin, Oliver de Merlimond, ya yi ziyarar ibada zuwa Santiago de Compostela a ƙasar Sifen, ta hanyar Faransa, da ya komo kuwa ya gina majami'a a ƙauyen Shobdon wadda ta cika da irin wannan sassaƙa. Masana da yawa suna ganin a ayarinsa akwai wanda ya zana abin da ya gani a hanya.

Fuskokin da ke ƙarƙashin rufi

Wanda ya zaga bayan majami'ar ya ɗaga kai, zai ga jerin ƙananan duwatsu sun fito daga bango suna tallafe da bakin rufi. Guda 85 suka rage, kusan kowanne da siffarsa. Akwai kare mai dogayen kunnuwa da zomo sun jingina da juna, da idanu a buɗe kamar yara. Akwai mai goge yana kiɗa, da mutum biyu sun rungumi juna, da rago, da barewa, da alade da aka juya kansa ƙasa, da dodo da kawunan mutane a bakinsa. Sau biyu aka sassaƙa Ɗan Rago na Allah da gicciyensa, ɗaya bisa ƙofar kudu, ɗaya a tsakiyar bangon gabas, daidai bayan bagade, ko da yake masassaƙin ya yi shi ya fi kama da doki. A bangon yamma kawunan dodanni uku sun miƙo waje, baki a wangale, harshe a naɗe.

A cikin jerin akwai siffar wata mace tsirara, mai ƙaton kai, tana nuna tsiraicinta. Irinta tana nan a wasu tsofaffin majami'u na Ingila, da Ailan, da Faransa, da Sifen, amma ta Kilpeck ce aka fi sani. Wasu masana sun ce gargaɗi ce a kan sha'awar jiki, wasu sun ce an sa ta ne domin korar mugun abu. Abin lura shi ne inda aka ajiye kowane abu. Dodanni, da masu kokawa, da abin kunya, duk suna waje, a ƙarƙashin rufi. Manzanni suna ciki, a hanyar bagade. A wancan zamani akwai littattafan dabbobi da sufaye suke kwafa, inda kowace dabba take da darasin da take koyarwa, wasu siffofin Kilpeck kuwa sun dace da su. Wasu kuma da alama raha ce kawai ta masu aiki, gama mai sassaƙa kare da zomon nan ya san dariya.

Majami'a da mutanenta

A ƙarni na 12 ne aka gama raba Ingila gunduma gunduma, kowace da majami'arta, da firist nata, da makabartarta. Manomi yakan ba da ushirin hatsinsa, da na 'yan raguna, da na ulu. Da yake an ba da Kilpeck ga sufaye, su ne suke da hakkin kuɗin shigarta, su ne kuma da alhakin samar da mai hidima. A hankali al'ada ta kafu a ƙasar cewa gyaran ɗakin firist yana wuyan mai karɓar ushiri, gyaran ɗakin jama'a kuwa yana wuyan jama'a.

Sujada da harshen Latin ake yi, wanda manomi ba ya ji. Babu kujeru, mutane a tsaye suke ko a durƙushe. Littafi da hannu ake rubuta shi, tsadarsa kuwa ta fi ƙarfin talaka, ko da ya iya karatu. Saboda haka abin da ido ya gani a bango da bakin ƙofa yana cikin koyarwar da mutum yake samu. A 1215 babban taron ikkilisiya a Roma ya umarta kowane mai bi ya furta zunubansa ga firist nasa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi Jibin Ubangiji a Idin Tashin Almasihu. A bakin ƙofar majami'a ake ɗaura aure a lokacin, kafin a shiga ciki. Ta ƙofar kudun nan aka shigo da jariran Kilpeck, ta nan kuma aka fitar da gawawwakinsu.

Yadda gari ya zama kufai

Kilpeck ta yi zamaninta. Sarki Jon ya sauka a kagararta fiye da sau ɗaya a farkon ƙarni na 13, a 1309 kuma aka ba ubangijin garin izinin kasuwar mako da ta shekara. Sa'an nan masifu suka biyo juna. Daga 1315 zuwa 1317 ruwan sama ya yi yawa, amfanin gona ya ruɓe, yunwa ta kama arewacin Turai. A 1348 da 1349 babbar annoba ta shiga Ingila, ta kashe tsakanin sulusi da rabin mutanen ƙasar. Mallakar garin ta koma hannun manya da suke zaune nesa, kagara ta rasa mai kula. A 1428 aka rufe ƙaramin gidan sufayen, gama abin da yake samu bai isa riƙe shi ba. Gidajen cikin ganuwa suka zube, ciyawa ta rufe su. A yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisa, an kama abin da ya rage na kagarar a 1645 aka lalata shi.

A wasu ƙauyukan da suka yi arzikin ulu a ƙarni na 14 da na 15, attajirai sun fasa bangon majami'unsu sun ƙara ɗakuna, sun ta da hasumiya, sun buɗe manyan tagogi. Mutanen Kilpeck ba su da yawan da zai bukaci ƙari, ba su kuma da kuɗin yinsa. 'Yan tagogi kaɗan aka ƙara. Da guguwar gyaran ikkilisiya ta zo, Ingila ta rabu da Roma a 1534, aka ba da umarnin kawar da siffofi a 1547, aka fara sujada da Ingilishi a 1549. An farfasa siffofi da yawa a ƙasar a lokacin, aka sake farfasa wasu bayan shekara ɗari. Sassaƙar Kilpeck ta tsira, har da manzannin da ke ciki. Babban abin da aka ƙara daga baya shi ne bene na katako a yammacin ɗakin jama'a, da ɗan gidan ƙararrawa a kan rufi.

Abin da ya sami Shobdon ya isa misali. Ita ce 'yar'uwar Kilpeck, mai yiwuwa ma ta fi ta ado. Wajen shekara ta 1750 masu arzikin wurin, iyalin Bateman, suka ga ta tsufa, suka rushe ta suka gina sabuwa irin ta yayin zamaninsu. Suka kwashe bakunan da aka sassaƙa suka kafa su a kan tudu cikin lambunsu domin ƙawa. Ruwa da iska da sanyi sun ci su fiye da shekara 250, har yawancin siffofin sun shafe. Wanda yake son sanin yadda Shobdon take a dā, sai ya duba tsofaffin zane, ko ya tafi Kilpeck. Gaskiyar masu iya magana, wani hanin ga Allah baiwa ne.

Riƙon amana

Talauci ya hana a rushe majami'ar, amma talauci ba ya toshe yoyo. Da rufin ya buɗe shekara goma ba mai gyara, da yanzu kango ce kamar kagarar da ke gefenta. Tsara bayan tsara, wasu 'yan manoma da ba a san sunansu ba sun maye gurbin abin da ya karye, sun share magudanar ruwa. A 1842 wani mai zane, G. R. Lewis, ya buga littafin hotunan majami'ar, wanda ya jawo hankalin masana gare ta. An yi manyan gyare-gyare a 1864, da 1898, da 1962, masu gyaran kuwa suka riƙe hannunsu, ba su sake fasalin ba.

Yau majami'ar tana ƙarƙashin Ikkilisiyar Ingila, a yankin bishop na Hereford, tana kuma cikin gine-ginen da dokar ƙasa ta sa a daraja ta ɗaya, waɗanda ba a taɓa su sai da izini. Amma doka ba ta biyan kuɗin gyara. Ikkilisiyar Ingila tana da majami'u wajen 16,000, fiye da 12,000 a cikinsu doka ta kiyaye su, nauyin kowace kuwa yana kan 'yan majalisar ikkilisiyar wurin. Kowace shekara biyar masanin gini yakan zo ya duba, ya rubuta abin da ya lalace. A karkara masu zuwa sujada sun ragu, firist ɗaya yakan riƙe ƙauyuka da yawa. Tun 1969 akwai hukumar da take karɓar tsofaffin majami'un da aka daina amfani da su, tana riƙe da fiye da 350. Kilpeck ba ta shiga wannan jeri ba. Baikon masu sujada da abin da baƙi suke sakawa a akwati suna cikin abin da yake riƙe da ita.

Wannan tambaya ba ta tsaya a Ingila ba. Masu bishara na Ikkilisiyar Ingila da suka zo ƙasar Hausa sun gina majami'ar Bartalamawas a Wusasa, kusa da Zariya, wajen 1929, da tubali da hannun maginan Hausa, tana kuwa tsaye har yanzu domin an sami masu yaɓe ta. A ƙauyuka da yawa akwai ƙananan ɗakunan sujada na ƙasa da masu bi na fari suka gina da hannunsu. Idan ikkilisiya ta yi yawa, kuɗi ya samu, abin da yakan fara zuwa zuciya shi ne a rushe tsohon a zuba siminti a gurbinsa. Bukatar wuri gaskiya ce, ba mai musunta. Sai dai fili yakan samu a gefe, tsohon ɗaki kuma yakan yi amfani ga ajin baftisma ko addu'ar safe. Dattawan da suke shawara a kan irin wannan, ya kamata su tuna da ƙauyukan nan biyu na lardin Hereford, su kuma tambayi tsofaffi wa ya gina, a wace shekara, su rubuta a littafin ikkilisiya tun masu sanin suna da rai.